Ranar da na riƙe gora a Matan Fada

Kawuna bai ce e ba, bai ce a'a ba, ranar da na gaya masa ina so in shiga Matan Fada, ruwan da ake bikin kamun kifi na Argungu a cikinsa. Yana zaune a zaure yana ɗinkin homa, wato ragar kamun kifi ta hannu, zare a bakinsa. Ya ɗago ya dube ni tun daga kai har ƙafa, ya koma kan ɗinkinsa. Sai da ya ƙulle idon da yake kai sannan ya ce, "Ka iya ruwa?" Na ce na iya. Ya ce, "To, ka taho ran Asabar da asuba, mu gani."

A ƙarshen 2019 ke nan, lokacin da maganar dawo da bikin kamun kifi na Argungu ta yi ƙarfi, bayan an yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba. Ni malamin firamare ne a Birnin Kebbi, can aka haife ni, can na tashi. Amma mahaifiyata 'yar Argungu ce, gidansu kuwa gidan su ne tun kaka da kakanni. Ina ƙarami an sha kai ni kallo, kuma abin da ya zauna mini a rai daga wancan lokaci shi ne rugugin ƙafafun mutane idan suka kwasa a guje zuwa ruwa, har ƙasa tana motsi. Yaran ajina kuwa babu ko ɗaya da ya taɓa ganin wannan, domin duk an haife su ne a shekarun da ba a biki. Ina zana musu gulbin a allo, ina gaya musu sunayen kifaye, alhali ni kaina ban taɓa sa hannu na kama ko ɗaya a cikinsa ba. Wannan ya daɗe yana damuna.

A allo na san gulbin sarai. Yana tasowa daga wajen Funtuwa a jihar Katsina, ya ratsa Gusau, ya faɗa madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, ya je wajen Sakkwato ya haɗu da Rima. Daga nan sai ya juya ya yi kudu, ya biyo ta Argungu da Birnin Kebbi, mu kuma a nan Gulbin Kabi muke ce masa. Can ƙasa Gulbin Zamfara da Gulbin Ka su zubo masa nasu ruwan, kafin ya je ya shige cikin Kwara. Da damina yakan bazu a fadama har ido ba ya ganin iyakarsa, da rani ya janye ya bar tafkuna da rassa da ƙasar da ake noman shinkafa a kai. Matan Fada wani yanki ne na wannan ruwa a gefen garin Argungu, kuma ba a su a cikinsa duk shekara sai ranar biki. Na gaya wa Kawu duk wannan a hanyarmu ta zuwa gulbi Asabar ta farko. Ya saurara har na gama, ya ce haka ne, sannan ya ce shi bai taɓa zuwa Funtuwa ba, amma in na so zai gaya mini inda yashi ya ƙare laka ta fara a ƙarƙashin ruwan da muke nufa, taku nawa ne daga gaɓa.

Ba Matan Fada muka je ba, tunda a rufe yake. Wani reshe ne a ƙasa da gari inda suke su na yau da kullum. Lokacin hunturu ne, hazo ya kwanta a kan ruwa, sanyi yana shiga ƙashi. Ban taɓa ganin gulbin a wannan sa'a ba, kuma har yau ina ganin duk wanda bai gan shi da asuba ba bai gan shi ba. Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya a bakin ciyawa kamar an dasa shi. Kirinjijiya sun tashi garke guda suna fito, suka kewaya suka sake sauka can gaba. Balbelu sun jeru a bayan shanun da Fulani suka kawo shan ruwa. Furen bado bai gama buɗewa ba. Daga nesa ana jin injinan ban ruwa na masu shinkafar rani sun fara tashi ɗaya bayan ɗaya.

Tare da mu akwai babban ɗan Kawu, wanda ya girme ni da shekara huɗu. Taubashina ne, a gida ba ma haɗuwa ba mu taɓa wasa ba, amma tun daga wannan rana na lura cewa da zarar ƙafarsa ta taɓa ruwa wasa ya ƙare. Kawu ya ce in yi iyo zuwa ƙetare in dawo. Na yi, ban sha wuya ba. Sai ya ce in nutsa in ɗebo masa lakar ƙasa a hannu. A nan ne na gane bambancin iyo da su. Ruwan gulbi ba a ganin komai a cikinsa, ko tafin hannunka, ga sanyi yana matse ƙirji. Na ɗebo lakar a karo na uku, na fito ina haki. Ya sa na maimaita har sau biyar, shi kuwa yana ƙidaya a hankali da yatsunsa. Da muka fito muna jin ɗumi ya ce, "Kai za ka riƙa gora. Yayanka shi ka nutso."

Maganar ba ta yi mini daɗi ba, ba zan ɓoye ba. Homa na zo riƙewa. Kawu ya ga fuskata ta canza, bai lallashe ni ba, sai ya ce, "Malam, wanda ke ƙasan ruwa bai da ido, bai da kunne. Mai gora shi ne idonai. In ka yi sakaci, ɗana za ka kashe." Daga nan ban ƙara tayar da zancen ba.

Gorar da zan riƙa sai da muka gyara ta da hannunmu. Duma ne babba da Kawu ya ajiye tun bara ya bushe sarai, hannuwana biyu ba sa zagaye shi. Ya zana baki a samansa da gawayi, daidai yadda kifi matsakaici zai shiga, ya yanke da wuƙa a hankali don kada ya tsage. Ni aka bar wa kankare cikin, na kwashe 'ya'ya da ɓargon da ke manne har ya yi sumul. Sai aka cika shi da ruwa aka bar shi ya kwana, da safe aka duba ko akwai inda yake tsatsa. Akwai wuri ɗaya kusa da gindi, Kawu ya toshe shi, aka sake gwadawa. Bayan haka aka ɗaure masa igiya.

Gora aiki biyu take yi. Ita ce rumbun da ake zuba kifi, ita ce kuma abin hawa. Mutum yana kifa cikinsa a kan bakin, ya toshe shi da jikinsa, iskar da ke ciki ta ɗauke shi, sai ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa. In ka ga masunta suna yi sai ka ce kwanciya ce kawai. Amma abu ne mai zagaye, ba ya son zama wuri ɗaya, in ka karkata kaɗan ya sulle ta gefe ya sha ruwa. Asabar uku na yi kafin in iya zama a kanta ina juyawa duk inda na so, na huɗu kuma Kawu ya sa yara suka riƙa bugun ruwa kusa da ni suna ture ni, domin ya ce ranar biki babu wanda zai ba ni hanya.

Homa kuwa ko da ba ni zan riƙe ta ba, Kawu ya ce dole in san ta. Guda biyu ce, ɗaya a kowane hannu, kowace an ɗinka ragarta a jikin icen da aka lanƙwasa. Shi geza yake so, yana yanko ta ɗanya ya lanƙwasa ya ɗaure ya bar ta ta bushe a haka. Mai nutso yana buɗe su kamar fukafukai, ya bi ƙasa yana lalube, in ya ji motsi ya haɗe su gam. Abin da na fi lura da shi shi ne yadda Kawu yake auna idon raga da yatsunsa, in ya ga ido ya yi ƙanƙanta ya warware ya sake. Na tambaye shi dalili, ya ce ɗan kifi hanya ake bar masa ya wuce. A nan ne kaɗai na ga ransa ya ɓaci a duk zaman da muka yi, lokacin da ya zo kan masu jan ruwa da gidan sauro suna kwashe 'ya'yan kifin da ba su kai yatsa ba. Ni ma na gani da idona a wani tafki, kuma ina tare da shi a wannan magana ɗari bisa ɗari. Wanda ya kwashe na bana ƙanana, me yake so a kama baɗi?

Ya ce ruwan ma ba kamar da ba ne. Yana yaro akwai guraben da babba ba ya taɓa ƙasansu sai ya sha wuya, yanzu yashi ya cike da yawa. Tun da aka yi madatsun Bakolori da Goronyo ruwa ya koma zuwa da awo, ga kuma masu ban ruwa da suka ƙaru a fadama. Bai ce a daina noman shinkafa ba, shi ma yana da 'yar gonarsa. Ya dai tuna mini cewa a 2006 sai da aka hana kamun saboda ƙarancin ruwa.

Babban darasina shi ne ƙidaya. Yaya zai nutsa, ni ina kan gora daidai inda ya shiga, ina ƙidaya a zuci, idona a kan kumfar da ke tasowa, domin ita ke nuna inda ya nufa. Da yawan maimaitawa na san numfashinsa. Yakan fito tsakanin talatin da biyar da arba'in da biyar a ƙidayata. Kawu ya yanke mini iyaka: in na kai sittin bai fito ba, in bar gora in bi shi, in kira na kusa. Muka kuma shirya cewa in ya kama abin da ya fi ƙarfinsa zai ja ni a ƙafa, ni kuma in miƙa igiya. Sai kifayen da zan karɓa a hannunsa, kowane da yadda ake riƙe shi. Karfasa ba ta da matsala. Tarwaɗa santsi gare ta, sai an kama ta ta bayan kai. Ƙurungu yana da ƙaya a baya da gefe biyu, yana kuka in an fito da shi, kuma sukarsa tana kwana tana zogi, na ɗanɗana. Minjirya ba a taɓa ta da hannu, tana da wuta a jiki. Giwan ruwa kuma, wadda kowa ke nema, ƙayoyin bayanta da gefen marfin kunnenta suna yanka kamar aska. Ita igiya ake zura mata ta ƙarƙashin marfin a fito da ita ta baki.

Da dare bayan sallar isha'i Kawu yakan ba da tarihi. Ya ce kakanninsu suna da gyaran ruwa da fashin ruwa tun kafin a san wani biki, wato a shirya ruwa sannan a buɗe shi ga masunta a rana ɗaya. Bikin da ake yi yanzu kuwa ya samo asali ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka yi masa babban su don girmamawa. Wanda ya san yaƙe-yaƙen da aka daɗe ana yi tsakanin Kabawa da Sakkwato zai gane nauyin wannan ziyara. Na gaya masa cewa a 2016 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun duniya da ake kiyayewa. Ya ce madalla, Allah ya sa su ma su riƙa tuna cewa sai da ruwa ake su.

Aka sa biki daga 11 zuwa 14 ga Maris, 2020. Gari ya cika har babu masaka tsinke. Shugaban ƙasa na wancan lokaci, Muhammadu Buhari, ya zo, Sarkin Kabin Argungu Alhaji Samaila Muhammad Mera yana karɓar baƙi daga ko'ina, ga masunta har daga Nijar. Mun je kallon kabanci, inda ake tseren jirage da nutso da kamun kifi da hannu da kamun agwagwa, amma Kawu bai bar mu mun daɗe a rana ba, kokawa da dambe kuwa ya ce mu bar su sai wata shekara. Daren Juma'a matar Kawu ta dama mana fura, ta ce kada mu ci abu mai nauyi. Mahaifiyata ta kira ni a waya, ta yi mini addu'a mai tsawo, ta ce in bi maganar yayana a ruwa ko da na ga kamar ba daidai ba.

Ranar Asabar tun da safe muka isa. Ana tsayar da masunta can nesa da gaɓa, dubbai, kowa da homarsa ko gorarsa a ka. Ruwan yana hannun Sarkin Ruwa da Homa, shugaban masunta, kuma ba mai shiga sai an ba da izini. Mutanen gari suna cewa Sarkin Ruwa yakan sallami kadoji kafin ranar. Jira shi ya fi komai wuya. Zafin Maris ya sauko, ƙura ta tashi, maƙogwaro ya bushe, kowane ƙaramin motsi sai sahu ya yunƙura kamar zai ɓalle. Yaya bai yi magana ba sai sau ɗaya. Ya ce, "Malam, kada ka dubi kowa, bayana za ka duba."

Da bindiga ta tashi ban san lokacin da ƙafafuna suka fara gudu ba. Rugugin nan da na ji ina yaro, yau ina cikinsa. Gora a kaina, hannu ɗaya a bakinta, ina bin bayan Yaya, mutane suna faɗuwa suna tashi. Muka gangara muka faɗa ruwa, nan take ya koma laka. Makaɗa suna cikin jirage suna kiɗa, masu kallo suna ihu a gaɓa, gora tana karo da gora. Yawancin mutane tsakiya suka nufa. Yaya ya karkata hagu zuwa wata kwana da Kawu ya kwatanta mana, inda ruwa ya ci gindin gaɓa ya yi gurbi, domin ya ce babban kifi in ya ji hayaniya irin wannan wuri yake nema.

Nutso na farko ya fito da ƙurungu biyu. Na biyu babu komai. Na uku karfasa da wata tarwaɗa. Ina karɓa ina zubawa a gora, ina komawa kanta, ina ƙidaya. Kumfar da na dogara da ita a wajen koyo ba ta da amfani a nan, domin ruwan gaba ɗaya kumfa ne. Sai na riƙa auna wurin da wani tushen ice da ke gaɓa, in na ga na goce in dawo daidai shi.

Wajen nutso na tara ne abin ya faru. Ya shiga, na fara ƙidaya. Ina ashirin sai ihu ya tashi a bayanmu, wasu sun taso da babban kifi, jama'a suka yo kansu, turereniyar ta kwashe ni ta kai ni gaba. Ban juya na kalli kifin ba. Na sa hannu da ƙafa ina turawa baya, ina neman tushen icen nan, bakina yana ci gaba da ƙidaya. Arba'in. Wani ya dafa gorata zai hau, na ture hannunsa. Na iso wurin ina hamsin, babu Yaya. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba. Na zame daga kan gora, na riƙe igiyarta da hannu ɗaya, na ja numfashi zan nutsa, sai na ji an damƙe ni a idon sawu an ja.

Na tura masa igiyar ƙasa, ya ɓullo yana haki, homa biyu a haɗe a ƙirjinsa, abu yana bugu a ciki kamar zai karya icen. Giwa ce. Ya ce, "Zura! Zura!" Na lalubi marfin kunnen na tura igiyar, ta fizge, na ji zafi a tafin hannuna, na sake turawa har ta fito ta baki, na ƙulle. Sai a lokacin na gan ta sosai, fara fat kamar azurfa, idonta yana ƙyalli a rana. Tsawonta ya ɗara hannuna tun daga kafaɗa. Ba ta shiga gora, haka muka ja ta zuwa gaɓa, ni da gora shi da homa, ɗaya ta yage.

Kimanin awa guda ake yi a ruwa. Da muka hau tudu muka ga irin waɗanda ake kaiwa ma'auni a gaban manyan baƙi, wasu sai mutum uku ko huɗu ke ɗaukar guda, sai muka san tamu ta gida ce. Wadda ta ci gasar a wannan shekara kilo 78 ce, wani masunci daga Augie ya kama ta, kuma waɗanda suka yi fice sun samu motoci da kuɗi da kujerun Makka. Tamu da aka ɗora a sikelin wani mai sayar da kifi kilo 11 ta yi.

Kawu yana zaure muka iso, bai je filin ba, ya ce ƙafarsa ba ta son turereniya yanzu. Ya dubi kifin, ya ɗaga marfin kunnen ya ga yadda aka zura igiyar. Ya kama hannuna ya duba yankan, ya aika a kawo ruwan ɗumi da gishiri. Yaya ya ba shi labarin yadda giwar ta shige ƙarƙashin gaɓa, sai da ya tura kafaɗarsa ciki kafin ya haɗe homa. Kawu ya juyo gare ni ya ce, "Har nawa ka ƙidaya?" Na ce hamsin da takwas. Ya yi shiru jim kaɗan, ya ce, "Alhamdu lillahi."

Aka yanka kifin a tsakar gida. Aka fitar da na maƙwabta, aka ware tsoka mai kyau ta tsakiya aka ce in kai wa mahaifiyata Birnin Kebbi, sauran matar Kawu ta ɗora tukunya. Na wanke gorar na kife ta a rana. Da la'asar ina shirin tafiya tasha, Kawu ya kira ni zaure, ya ce motar ba za ta gudu ba. Ya jawo homar da giwa ta yaga ya ɗora mini a cinya, ya miƙo zare, ya nuna mini idon da ke kusa da ice ya ce daga nan zan fara.